Yarinyar da ta yi mamin a bikin buɗe Olamfik na Beijing: yaudara ce ko haka aikin yake?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ita ce ka ga wani guntun bidiyo yana yawo na yarinyar nan mai jar riga da ta rera waƙa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing a 2008, an rubuta a ƙasa wai ba muryarta ba ce, mai muryar an ɓoye ta ne saboda ba ta kai ta kyau ba, kana so ka san ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne to mene ne abin surutu tunda mu ma kullum muna ganin mamin a finafinanmu da wajen gala ba wanda ya ce uffan.

Gaskiya ne, ya faru. Ni aikina haɗa sauti ne, sitidiyo da wajen taro, kuma wannan labarin duk wanda yake harkar nan ya san shi, don haka bari in ba ka shi yadda yake, domin yadda ake yawo da shi ya ɗan karkace.

Daren 8 ga Agustan 2008 aka yi bikin, a babban filin wasan nan da ake ce wa Sheƙar Tsuntsu, mai cin mutum 91,000. Daraktan bikin Zhang Yimou ne, babban mai shirya finafinai na Chaina, shugaban ɓangaren kiɗa kuma Chen Qigang. Lokacin da ake shigo da tutar ƙasar sai aka ga yarinya 'yar shekara 9 mai suna Lin Miaoke tana rera wata tsohuwar waƙar yabon ƙasa da aka rubuta tun 1950, ba taken ƙasar ba ne kamar yadda wasu suke rubutawa, wata waƙa ce daban da kowane ɗan Chaina ya sani. Gari na wayewa ta zama tauraruwa. Bayan 'yan kwanaki Chen Qigang ya yi hira da gidan rediyon Beijing, shi da bakinsa ya faɗa cewa muryar da duniya ta ji ta wata yarinya ce 'yar shekara 7, Yang Peiyi. Yadda ya ba da labarin, da farko wata 'yar shekara 10 aka fara gwadawa aka ce ta yi girma, sai aka ɗauki muryoyin wasu yaran a rikodin, aka ga Lin ta fi hawa kyamara, Yang kuma ta fi kowa murya. A ɗaya daga cikin rihazal na ƙarshe wani ƙusa daga ofishin siyasa na jam'iyyar Kwaminis ya zo kallo, ya ji muryar Lin ya ce dole a canza. Sai aka bar Lin a kan dandamali aka ɗora mata muryar Yang. Dalilin da Chen ya bayar shi ne maslahar ƙasa, ya ce yarinyar da za ta fito a kyamara dole ta zama ba ta da makusa a siffa da yanayin fuska da yadda take nuna abin da ke ranta.

Ka ga kenan ba wai an jawo Yang daga kan dandamali ana saura minti biyar ba ne kamar yadda bidiyon naka yake nunawa. Yara biyu aka yi wa hukunci lokaci guda, an ce wa ɗaya fuskarki ba ta isa ba, an ce wa ɗayar muryarki ba ta isa ba. Maganar haƙoran Yang da kumatunta jaridu ne suka fi yayata ta, kuma wallahi abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna, yarinya 'yar shekara 7 ai lokacin famfara ne, wane yaro ne haƙoransa suke a jere a wannan shekarun?

To yanzu mu zo kan mamin ɗin kansa, domin a nan mutane suke haɗa abu biyu da ba su da alaƙa. Sa faifai a babban taro ba laifi ba ne, kusan ma dole ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a bayan mikisa, wato na'urar haɗa sauti, a buɗaɗɗen fili ya san dalili. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 ne a daƙiƙa ɗaya, filin Beijing kuwa tsawonsa ya haura mita 300, wato in ka rera kalma a wannan gefen sai ta kusa cinye daƙiƙa guda kafin ta isa wancan gefen, sannan ta bugi bango ta dawo maka a kunne lokacin kai har ka shiga kalma ta gaba. Babban mawaƙi ma wannan yana rikita shi balle ƙaramar yarinya. Shi ya sa ake sa musu 'yar na'ura a kunne da take ba su kiɗan kai tsaye da wani ƙas-ƙas mai ƙirga musu lokaci. Ga iska tana hura makirfo, ga ihun mutane, ga ƙarar wasan wuta, ga makirfo maras waya da zai iya ɗaukewa a filin da yake cike da na'urorin gidajen talabijin da na jami'an tsaro. Sannan irin wannan bikin komai nasa a ɗaure yake da agogo ɗaya, fitilu da wasan wuta da motsin kyamarori da masu rawa wajen 15,000 duk suna bin faifai guda, in mai waƙa ya ja numfashi ya ƙara daƙiƙa biyu to komai ya goce.

Don haka kowa yana yi. Whitney Houston da ta rera taken Amurka a wasan Super Bowl na 1991, wato wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wanda har yau ake cewa ba a yi kamarsa ba, rikodin ne aka sa. Luciano Pavarotti a buɗe Olamfik na hunturu a Turin ta Italiya a 2006 mamin ya yi, ga sanyi ga jiki ba ƙwari, madugun makaɗan Leone Magiera ne ya bayyana haka a 2008 bayan rasuwarsa. Ranar rantsar da Obama a Janairun 2009 manyan makaɗa huɗu, ciki har da Yo-Yo Ma da Itzhak Perlman, faifan da suka ɗauka kwana biyu kafin ranar suka bi, saboda sanyin Washington yana sa tsirkiyar gogen Turawa ta saki ko ta tsinke, fiyano ma ya daina riƙe sautinsa. Beyoncé ma a rantsuwar 2013 ta bi rikodin ɗinta, ta kuma fito ta amsa a gaban 'yan jarida ta ce ba ta samu damar yin rihazal da makaɗan ba. A Paris a 2024 wasan Lady Gaga an ɗauke shi tun kafin bikin saboda ruwan sama. Duk waɗannan an yi 'yan ƙananan maganganu an wuce.

Me ya sa aka wuce? Saboda muryar Whitney ce ta fito daga bakin Whitney. Wanda ya yi aikin shi aka gani, shi aka tafa wa, sunansa aka rubuta. Kawai dai aikin ya yi shi ne shekaranjiya a sitidiyo maimakon yau a fili. Ni in aka kawo min maganar mamin abu uku nake tambaya, muryar waye, an faɗa ko an ɓoye, kuma saboda me. Na Beijing ya faɗi a duka ukun, murya ta wata ce, a daren ba a sanar da duniya ba, dalilin kuma ba iska ba ne ba sanyi ba ne, fuska ce.

Wanda ya ɗan yi kama da shi shi ne na Sydney ta Ostareliya a 2000, inda ƙungiyar makaɗan Sydney ta yi mamin kuma wani ɓangare na faifan makaɗan Melbourne ne suka kaɗa shi, wannan sai a Agustan 2008 ya fito fili, ana cikin ƙurar Beijing ɗin. Shi ma ba daidai ba ne a wurina, amma waɗancan manya ne masu kwantiragi da albashi, kuma ba wanda ya ce musu ba su da kyau. A harkar kasuwancin waƙa kuwa akwai Milli Vanilli, samari biyu kyawawa da aka sa a gaba wasu suna rera musu, da asiri ya tonu a 1990 aka karɓe kyautar Grammy da aka ba su. Akwai kuma Martha Wash, mace mai ƙiba mai muryar da ba kowa ke da irinta ba, aka riƙa sa siraran mata suna mamin ɗin muryarta a bidiyo, har sai da ta kai ƙara kotu. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan.

Maganar finafinanmu da ka kawo, tambaya ce mai kyau kuma ba zan kauce mata ba. Mu daga Indiya muka ɗauko wannan tsarin, kuma a can ma ba a banza aka fara rubuta sunan mai waƙa ba. A 1949 akwai faifan wata waƙar Lata Mangeshkar da ya fito ɗauke da sunan matar da ke cikin labarin fim ɗin maimakon sunanta, mutane suka yi ta tambayar gidan rediyo wace ce wannan mai muryar. Daga baya masu rera waƙoƙin fim suka samu sunansu a rubuce har da kyautarsu ta daban. Yanzu ba ɗan kallon da yake zaton jarumin Indiya ne yake rera waƙar, mu ma nan yaro ƙarami ya san jarumi daban mawaƙi daban, yana jin murya zai ce maka wannan wane ne. In kowa ya sani ba yaudara. Amma fa kar mu wanke kanmu tas, ni na sha ganin yarinya ta shigo sitidiyo da hijabinta ta tsaya a ɗan ɗakin nan mai soso a bango ga zafi an kashe fanka don kar ƙararta ta shiga, ta maimaita baiti ɗaya har muryarta ta fara dishewa, a sallame ta da abin da bai taka kara ya karya ba, waƙa ta fito ta zaga gari ana kiranta da sunan jarumar da ta yi rawa a kai, ita ko sunanta ba a sa a fosta ba. Wannan ɗan'uwan abin da aka yi wa Yang Peiyi ne, kuma mu da muke cikin harkar mu ne ya kamata mu fara gyarawa.

Abin da ya rage shi ne me zai sa ƙasa kamar Chaina ta tsaya tana auna fuskar yarinya. Sai ka duba halin da suke ciki. Sun nemi Olamfik na 2000 Sydney ta kayar da su da ƙuri'a biyu kacal a 1993, sai a 2001 suka samu na 2008, shekara bakwai suna shiri, a wurinsu wannan ne daren da za su ce wa duniya mun dawo. Kuma shekarar ta zo musu da tsauri. A Fabrairu Steven Spielberg, babban mai shirya finafinai na Amurka, ya janye daga masu ba bikin shawara saboda alaƙar Chaina da gwamnatin Sudan kan rikicin Darfur, a Maris aka yi tarzoma a Tibet, a Afrilu masu zanga-zanga suka tare wutar Olamfik a Landan da Paris, ranar 12 ga Mayu girgizar ƙasa ta Sichuan ta kashe mutane kusan 70,000. Ga shugabannin ƙasashe sama da 80 za su zauna a filin, har da Bush da Putin. Mutanen da suke cikin wannan matsin ba sa son ko ƙwayar kuskure, har rokoki sama da 1,000 suka harba sama a ranar don su kore hadari kar ruwa ya sauka a filin.

Wannan tsoron kuskuren ne ya bi ko'ina. Sawun ƙafa 29 na wasan wuta da aka nuna suna takowa ta tsakiyar birni zuwa filin, an harba su da gaske, amma hoton da aka gani a talabijin kusan dukkansa haɗin kwamfuta ne, saboda bin su da jirgi mai saukar ungulu a wannan daren akwai haɗari. Wannan ni ban ga laifinsa sosai ba, dalili ne na aiki. Wanda ya fi damuna shi ne yara 56 da suka rako tuta sanye da kayan ƙabilun ƙasar 56, daga baya aka gano 'yan wata ƙungiyar wasan yara ne kuma 'yan ƙabilar Han ne, wato ƙabilar da ta haura kashi 90 cikin 100 na ƙasar, aka sa musu kayan Tibet da na Uighur da na Mongol. Jami'an shirya gasar suka ce ai abu ne da aka saba a wasanni. Ko an saba, saƙon da ake son isarwa shi ne ga dukkanmu mun haɗu, to ina wahalar a nemo yaran na gaske? Haka 'yan matan da suke kai lambobin yabo, an gindaya musu tsayi da shekaru, an horar da su murmushin da zai nuna haƙora shida zuwa takwas, suna cije tsinken cin abinci don baki ya saba.

Wani babban jami'in kwamitin Olamfik na duniya, Gilbert Felli, ya kare abin da aka yi, ya kwatanta shi da koci da yake zaɓar wanda zai buga da wanda zai zauna a benci. Wannan hujjar ba ta tsaya ba. Koci in ya ajiye ɗan wasa to ya ajiye shi, ba ya sa shi ya ci ƙwallo sannan a rubuta sunan wani a allo. In ana son Lin a bar ta da muryarta, in ana son muryar Yang a sa mata jar rigar.

Kuma ko da ma'aunin su masu maganar maslahar ƙasa za ka auna, asara aka yi. Bikin nan har yau da wuya ka samu wanda ya kai shi, makaɗa 2,008 suna dukan ganguna kamar hannu ɗaya, amma ga shi bayan shekaru masu yawa abin da ya zo wayarka ɗan'uwa shi ne labarin yarinyar da aka ɓoye. Garin neman gira an rasa ido. Masu sukar Chaina da ma suna cewa komai nata na nunawa ne, sai aka miƙa musu hujja da hannu biyu, kuma 'yan ƙasar da kansu sun fusata a intanet har aka shiga goge labarin daga manyan shafuka. Wata guda bayan nan sai ga badaƙalar madarar jarirai mai sinadarin melamin, wadda kamfanin Sanlu da hukumomin garinsu suka san da ita tun farkon Agusta amma ba ta fito fili ba sai a Satumba, jarirai 6 suka mutu, kusan 300,000 suka kamu da ciwo, kuma mutane da yawa sun danganta jinkirin da gudun ɓata sunan ƙasa lokacin gasar. Ba ina haɗa nauyin abubuwan biyu ba ne, na madara rayuka ne, amma tunanin da ya ce a rufe don kar baƙi su gani iri ɗaya ne, shi ya sa ba na ɗaukar maganar mamin ɗin a matsayin ƙaramin abu.

A wannan daren dai akwai wani yaro ɗan shekara 9, Lin Hao, wanda ya tsira daga girgizar Sichuan ya kuma ciro 'yan ajinsu biyu daga ɓaraguzan makaranta. Shi ya shigo tare da Yao Ming, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando, a gaban tawagar Chaina, ga tabon rauni a kansa inda gashi bai fito ba, kowa yana gani, ba wanda ya rufe masa shi da hula. Mutane sun yi hawaye a kansa a ƙasashen da ba su san ko kalma ɗaya ta yarensa ba. Su masu shirya bikin da hannunsu suka nuna cewa yaro mai tabo yana iya ɗaga darajar ƙasa, sannan a bikin guda suka ji tsoron haƙoran 'yar shekara 7.

Ita ma Lin Miaoke kar ka manta an zalunce ta, ba ita ta zaɓi komai ba, manya ne suka ce tsaya nan ki rera ta tsaya ta rera, amma ita ce ta yi shekaru tana shan zagi a intanet ana kiranta mai satar murya, har lokacin da ta girma ta je neman makarantar koyon fim a 2017 ba ta samu ba mutane suka yi ta yi mata dariya. Don haka in za ka tura bidiyon nan gaba don Allah kar ka ƙara da zaginta.

Akwai alamar an koyi wani abu. Da Beijing ta sake karɓar Olamfik na hunturu a Fabrairun 2022, Zhang Yimou ɗin ne dai darakta, sai ya kawo yara 44 daga ƙauyukan tsaunukan gundumar Fuping a lardin Hebei suka rera taken Olamfik da harshen Girka, 'ya'yan manoma da kumatunsu da fuskokinsu yadda Allah ya yi su, kuma an yaba musu ƙwarai.

Nan gida ma in ka lura da bukukuwan gwamnati da na makarantu, yarinyar da ake zaɓa ta miƙa wa babban baƙo fure ko ta karanta jawabin maraba sau da yawa fara ce kuma 'yar masu hali, sauran yaran suna tsaye a rana suna kallo suna kuma fahimtar abin da ake nufi ba sai an faɗa musu ba. Ni in aka kira ni aikin da yaro zai rera wani abu a babban taro, sharaɗina shi ne muryarsa za mu ɗauka, ko sau nawa zai maimaita mu zauna da shi, in akwai inda ya goce kaɗan kwamfuta tana gyarawa, ranar taron ya hau ya bi muryar kansa, in bar makirfonsa a buɗe ƙasa-ƙasa don numfashinsa ya shiga ya ji da gaske shi yake yi. In kuma dole sai an yi amfani da muryar wani yaron, to mai gabatarwa ya kira sunansa a lasifika, a sa shi a takardar shirin taro, a fito da shi ya tsaya kusa da ɗan'uwansa.